Bindigar da Ta Kusa Kashe Mini Aure

Shekarun baya, lokacin ban daɗe da kama aiki a Dubai ba, na zaɓi bindiga da ido kamar mai zaɓen atamfa a kasuwa, kuma saura ƙiris abin ya taɓa aurena. Da yawanku kuna tambayata a ƙarƙashin hotunan da nake sawa ranar Asabar, wai yaya aka yi Bakanuwa mai aikin ofis ta koma harbi. To ga yadda aka yi.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Port Saeed, ni da maigidana muna zaune a wani ƙaramin fulat a Al Khabaisi. Rayuwata ba ta wuce ofis, gida, kanti ba. Idan zafi ya ragu, kamfaninmu kan kwashi ma'aikata a kai su wani wuri su sha iska, kuma a wannan shekarar sai aka ce wurin harbi za a je a can Jebel Ali. Ni dai na so in zille. Ƙawata ta ofis, 'yar Jos ce, teburinta na kusa da nawa, ita ta hana ni.

"Ke dai taso mu je," in ji ta. "In ba ki iya harbin ba, ai kin iya cin abincin kamfani."

Da wannan ta kama ni.

Wurin fili ne fetal, da 'yan rumfuna a jere. Akwai na'ura da ke cilla wasu ƙananan faya-fayan yumɓu masu ruwan lemo sama, girmansu bai wuce tafin hannu ba, kai kuma ka bi su da bindiga ka fasa. Ba tsuntsu ake harbi ba, ba dabba ba, yumɓu ne kawai. Mai koya mana wata Balarabiya ce 'yar Jodan, gajeriya, mai murya kamar ta shugabar makaranta. Ta sa mini abin toshe kunne a kan ɗankwalina, ta ba ni tabarau, ta ɗora mini bindiga a kafaɗa, ta ce idan na shirya in ce "pull", za a sako faifan. Ni kuwa da harshena na Kano sai na buɗe baki na ce "ful!" Ƙawata ta durƙushe don dariya. Amma mai na'urar ya gane, ya sako.

Na farko ban ma ga inda ya bi ba. Na biyu na rufe ido. Can a tsakiyar zagayen, wani ya taso daga hagu yana tafiya a hankali, na bi shi, na ja kunama, sai kawai na ga ya zama jar ƙura a sararin sama. Wallahi ba zan iya kwatanta muku abin da na ji ba. Warin albarushi ya cika mini hanci, na juya ina ihu, "Ni ce? Ni na fasa shi?" Malamar ta riƙe bakin bindigar ta mayar da shi gaba, ta ce, "Ke ce, habibti, amma bindiga ba ta juyowa tare da ke."

Daga ranar na kamu. Kowace Asabar ni da ƙawata muna can. A ofis ina cike takardun kwantena, amma idona na bin tsuntsayen da ke shawagi a kan jiragen ruwan katako na bakin mashigin ruwan da ake kira Creek, ina auna inda zan tare su. Maigidana mutum ne marar yawan magana, injiniya ne a wani rumbun ajiye kaya, kuma abin dariya yake ba shi. In na shigo gida sai ya miƙe ya ce, "Sannu da zuwa, sarkin baka." Shi ya ce tunda abin ya shiga raina haka, in yi rajista in zama 'yar kulob sosai.

A wurin nan ba wanda ke tafiya gida da bindiga. Duk suna kulle a ɗakin ajiyar kulob. Amma idan kin zama 'yar gida, za ki zaɓi guda a daidaita miki ita, a rataya mata lambarki, duk ranar da kika zo ita za a miƙo miki. Ranar da aka ce in zo in zaɓa, da ƙyar na iya karyawa don ɗoki. Na riga na ƙare mako ina kallon bidiyo, har na fara jin kaina gwana.

Ina shiga ɗakin na gan ta. Doguwa ce mai baki biyu, ɗaya a kan ɗaya, lamba goma sha biyu, wato mai babban harsashi. Katakonta na sheƙi kamar an shafe shi da zuma, an zana tsuntsaye da ganyaye a jikin ƙarfen. Na ce, "Wannan."

Malamar ta dube ni, ta dubi bindigar. "Ta yi miki tsawo. Gwada wasu tukuna, shwayya shwayya, a hankali."

"Ita nake so."

"Za ta mare ki."

Na yi dariya, na ɗauka barkwanci ne irin nata. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to in gwada in gani, idan na ji zafi in tsaya. Ban tsaya ba. Kowane harbi sai na ji gindin bindigar ya doki kafaɗata, katakon kuma ya daki kuncina na dama, amma ga ƙawata tana ɗaukata hoto, ga bindiga ta yi kyau a hannuna, sai na cije. Sau biyu malamar tana cewa ya isa, ina cewa saura kaɗan. Faya-fayan kuwa wucewarsu suke yi lafiya lau suna sauka a yashi. Daga ƙarshe ta karɓe bindigar da kanta ta ce, "Khalas. Je ki sa ƙanƙara, kada in sake ganinki sai ya warke."

Washegari na tashi kuncina ya kumbura ya yi baƙi har ƙarƙashin ido. Maigidana ya dube ni ya girgiza kai, ya fita ya sayo magani. Da hantsi, ina kicin, mahaifiyata ta kira ta bidiyo daga Kano kamar yadda ta saba. Na ɗauka ban ma tuna da fuskata ba.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Matso da wayar. Me ya sami fuskarki?"

"Au, Mama, bindiga ce."

Ta ƙura mini ido ta cikin wayar, ta maimaita kalmar.

"Bindiga."

"Eh, wasan harbin nan da na gaya miki muna zuwa. Ita ce ta buge ni."

Na taɓa gaya mata, amma ashe ta ɗauka irin wasan yara ne na cikin kanti, mai bindigar roba. Ta ce, "Ke, ni na haife ki. Ke da ko ƙadangare ya shigo ɗaki sai kin hau gado, yau ke ce da bindiga? Tun yaushe ya fara?"

"Wa?"

"Kin san wanda nake nufi."

Sai a lokacin na gane inda ta dosa. Na rantse, na sake rantsewa. Ina dariya, ita kuma dariyar ce ta ƙara tayar mata da hankali, don a ganinta irin dariyar rufin asiri ce. Na tura mata hotunan da ƙawata ta ɗauka. Ta ce kowa ma zai iya riƙe bindiga a ɗauke shi hoto. Ta ce ta ga mata da yawa da suka ce ƙofa ce ta buge su, tawa ce dai ta zo da sabon salo.

Kafin la'asar magana ta isa wurin kawuna, yayanta, wanda shi ke tsaye a kanmu tun rasuwar mahaifinmu. Shi kuma bai tsaya jin ta bakina ba, ya kira maigidana yana wurin aiki. Da maigidana ya dawo gida ya ajiye jakarsa ya zauna, ko takalmi bai cire ba.

"Kawu ya kira ni," ya ce. "Ya ce ba su ba ni ke don in nakasa ki ba. Ya ce idan na gaji in sa ki a jirgi."

Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. "Ba laifinki ba ne. Amma a ce duk zaman da na yi da mutanen nan, abin da suke tsammani daga gare ni ke nan?"

Nan dariya ta ƙare mini. Mutumin nan ko murya bai taɓa ɗaga mini ba. Kunyar mahaifiyata yake ji kamar me, in tana magana ko kai ba ya ɗagawa. Ga shi yanzu sunansa na yawo a dangi a matsayin mai dukan mata, saboda ni na ga katako mai sheƙi na mace a kansa. Ƙannena suka fara turo mini saƙo, wai in faɗa musu gaskiya ba za su gaya wa kowa ba.

Da ma an shirya Mama za ta zo a duba mata gwiwa, biza ma ta fito. Sai ta matso da tafiyar. Maigidana ne ya je ɗauko ta a filin jirgi, ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya" guda ɗaya ta wuce. A gida ta ƙi taɓa dabino da turaren da ya sayo mata. In ya shigo falo sai ta tashi ta shige ɗaki. Kumburin ya riga ya saɓe a lokacin, saura ɗan duhu, amma kullum sai ta kama haɓata ta juya fuskar tana dubawa, har hannuwana take bi da kallo.

Maigidana ne ya kawo shawara. Ya ce, "Magana ba za ta yi ba. Mu kai ta ta gani."

Da ƙyar ta yarda. Ta ce za ta je ne kawai don ƙarya ta ƙare. Ranar Asabar da safe muka kama hanyar Jebel Ali, shi yana tuƙi, ita tana baya tana jan carbi, manyan motocin kwantena suna wuce mu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, duk da halin da ake ciki zuciyata tsalle take yi, don na yi kewar wurin.

Muna fitowa daga mota aka yi harbi a rumfar farko. Mama ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi!" ta riƙo mayafina. Sai na tuna cewa a inda ta fito, in aka ji wannan ƙarar ba tsayawa kallo ake yi ba. Na ce ko mu koma. Ta ce, "Mu je."

Ƙawata ta riga mu isa, ta tarbe ta da gaisuwa har ƙasa, ta zaunar da ita a kujera a inuwa. Aka sa mata abin toshe kunne a kan hijabi, aka ɗora mata tabarau mai ruwan ɗorawa. Har yau ina da hoton, amma ta ce in na sa shi a waya ba ta yafe ba.

Na yi wa malamar bayanin abin da ya faru. Ba ta yi dariya ba ko kaɗan. Ta je ta gaishe da Mama da Larabci, Mama ta amsa da ɗan abin da ta tsinta a Umara. Sannan ta sa aka fito da bindigogi uku aka jera a kan tebur, har da mai zanen tsuntsayen.

Mama ta nuna su da baki. "Wacce ce a ciki?"

Na nuna mata.

"Harba in gani."

Malamar ta so ta hana, ta ce wurin bai gama warkewa ba. Mama ta ce sau ɗaya. Na ɗora bindigar, na ce "ful", na harba. Kaina ya yi baya, faifan ya wuce abinsa. Da na buɗe bindigar na ajiye, Mama ta taso da gwiwar tata mai ciwo, ta kama haɓata. Daidai wurin da tsohon tabon yake, sabon ja ya fito. Ta daɗe tana kallo. Ta saci kallon maigidana da ke tsaye can gefe ya harɗe hannu a baya, sannan ta koma ta zauna.

Malamar ta ce, "Yalla, yanzu mu yi zaɓe na gaskiya." Ta nuna mini yadda gindin waccan ya yi mini tsawo, sai na miƙa wuya kafin idona ya hau saiti, shi ya sa kuncina ba ya zama a kan katakon, kowane harbi sai ya taso ya same ni. Ga nauyi, kafin faifai ya fito hannuna ya gaji.

Bindiga ta biyu mai baki ɗaya ce, mai ɗura wa kanta harsashi. Dukanta da sauƙi, kamar a dafa ki. Na ji daɗinta, na fasa guda biyu. Amma gabanta ya yi mini nauyi, kuma duk harbi sai ta tofar da kwanson harsashi gefe, ɗaya ma ya faɗo kusa da ƙafar Mama. Ta janye ƙafa ta ce, "Wannan ba ta da tarbiyya." Ita ce maganar farko da ta yi ba cikin fushi ba tun zuwanta, ƙawata ta fassara wa malamar, suka kwashe da dariya.

Ta uku ko kallonta ban yi ba a zuwana na farko. Lamba ashirin ce, harsashinta ya fi ƙanƙanta, baki biyu ita ma, gajeren gindi da roba a ƙarshensa. Katakon ya koɗe, ba zane ba ado, har da ɗan ƙarzo a gefe. Malamar ta ce in rufe ido in ɗora ta, sannan in buɗe. Na ɗora. Da na buɗe ido, saitin yana nan a gabana ba sai na neme shi ba. Kuncina ya kwanta a kanta kamar a kan matashin da na saba da shi.

Daga bayana na ji muryar Mama, da ƙarfi, don abin kunnen ya hana ta jin kanta: "Wannan ta fi zama a jikinki! Waccan aro ce!"

Na ce "ful." Ya fashe. Na sake. Ya fashe. Na uku ya taso daga dama da gudu, na bi shi na wuce gabansa kaɗan kamar yadda aka sha gaya mini ban taɓa iyawa ba, ya watse. Ba zafi, ba mari, sai wani ɗan turi mai daɗi a kafaɗa. Malamar ta sa aka sako biyu a tare. Na fasa na farko, na juya kan na biyu yana gab da sauka, shi ma ya tashi a ƙura.

Sai kawai na ji guɗa. Mahaifiyata, da tabarau da abin kunne, ta miƙe tsaye ta rangaɗa guɗa irin ta ranar kai amarya, a tsakiyar filin harbi a Jebel Ali. Turawan da ke rumfar kusa suka sauke bindigoginsu suna leƙe. Ƙawata ta kama tafi. Ni kuma dariya da hawaye suka haɗe mini har sai da malamar ta karɓi bindigar. A ranar aka rataya wa mai koɗaɗɗen katakon lambata.

A hanyar komawa Mama tana baya da carbinta har muka yi nisa. Can ta miƙo mini wayarta ta ce in kira mata kawu, in sa yadda kowa zai ji. Da ya ɗauka, bayan gaisuwa ta ce, "Yaya, maganar nan da na kawo maka, na gani da idona. Bindigar ce. Yaron nan ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra, ni ce na yi gaggawa na ɗauki alhakinsa. Duk wanda ka gaya wa, ka koma ka warware. Ga shi nan yana jin ka."

Kawu ya yi ta salati, sannan ya fara ba da haƙuri. Maigidana ya ce, "Haba Kawu, wallahi ba komai, ai kula ce." Sai dai na ga yana ta gyara madubin da ba abin da ya same shi. Mama ba ta dube shi ba, tagar take kallo. Da muka kusa gida ta ce, kamar da ni take, "Dabinon nan da aka kawo, yana nan ko kun cinye?"

Har yanzu da bindigar nake harbi. An sha ce mini in koma babba tunda hannuna ya faɗa, na gwada, na dawo. Duk sabuwar da ta zo ta tambaye ni wacce za ta fara da ita, nakan ce kada ta bari ido ya zaɓa mata. Ta rufe shi ta ɗora, jikinta zai gaya mata. Ta kuma saurari mai koya mata tun a karo na farko, kada ta jira sai an mare ta kamar ni.

Na daɗe ina jin haushin saurin da Mama ta yi wajen zargi. Da na ƙara shekaru sai na fahimce ta. Tana Kano, 'yarta na wata ƙasa, ta ga tabo a fuskarta, an kuma ba ta dalilin da bai shiga hankali ba. Da gaskiya ne abin da ta zata, da ita ce kaɗai ta taso ta hau jirgi da gwiwa mai ciwo. Kuma da ta ga ta yi kuskure, a gaban surukinta ta faɗa da bakinta, abin da ban taɓa ganin ta yi wa kowa ba.

Yanzu duk Asabar da yamma sai ta kira. Tambayarta ta farko, "Nawa kika fasa yau?" In na faɗi kaɗan ta ce ban ci abinci ba ne. Daga nan sai ta ce, "To ya isa, ba ni ɗana mu gaisa." In miƙa masa wayar in koma kicin, in gama girki in zuba, su suna nan suna hira.